Launin da ke Tsakanin Toka da Ƙasa

Idan aka ce wa ɗan aji ɗaya ya lissafa launuka da Hausa, nan da nan zai zubo su: fari, baƙi, ja, shuɗi, kore, rawaya. In ya ɗan ƙara tunani sai ya kawo ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro da ruwan hoda. Amma a ɗauko wani ƙyalle wanda shi ba fari ba, ba toka sosai ba, bai kuma kai ƙasa duhu ba, a ce ya faɗi sunansa, sai ka ga ya tsaya yana sosa ƙeya. Wani ya ce ai fari ne ya yi dauɗa, wani ya ce toka-toka ne, wani kuwa ya ce ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba kuma wanda ya faɗi daidai. To, wannan launi da ya rasa tsayayyen suna shi nake so mu duba, domin yanzu ya cika bangunan ofisoshi da asibitoci da masaukan baƙi, masu sayar da fenti kuwa suna cin kasuwarsa ƙwarai da gaske. Don sauƙin magana, bari mu riƙa kiransa toka-ƙasa.

Wanda yake so ya gan shi ba sai ya je kanti ba. Ya dubi dangar kara wadda ta shekara rana na dukanta, ko yashin rafi da rani, ko bayan jaki, ko kuwa bangon siminti bayan ƙurar hunturu ta kwanta a kansa. Kai, ko sararin sama a ranar da hazo ya yi kauri, wannan launi yake ɗauka.

Yadda mai fenti yake haɗa shi ba wuya. Farin fenti ne kusan duka, sai a ɗiga baƙi kaɗan ya zama toka, sa'an nan a ƙara ɗan ruwan ƙasa ko rawaya mai duhu. Wannan ƙari na ƙarshe shi ne asirin abin. Masu ilmin zane sun kasa launuka gida biyu. Akwai waɗanda suke kira masu ɗumi, watau ja da rawaya da danginsu, don suna tuna wa mutum wuta da rana. Akwai kuma masu sanyi, watau shuɗi da kore da danginsu, masu tuna wa mutum ruwa da inuwa. Tokar da aka haɗa da fari da baƙi kaɗai takan karkata wajen sanyi, shi ya sa ɗakin da aka shafe da ita yakan yi kama da sito. Da an sa mata ɗan ƙasa sai ta yi ɗumi, ido ya sake da ita. Ita kuwa ƙasar da ake yin fenti da ita, tsatsar ƙarfe da ke cikinta ce take ba ta launi, daidai da abin da ya sa ƙasar wasu garuruwanmu ta yi ja.

Turawa suna kiran wannan launi da wata kalma da ake furtawa "girej". Da yawa daga cikinsu suna zaton an haɗa kalmominsu biyu ne, ta toka da ta ruwan ƙasa mai haske, aka sami wannan. Amma kalmar ta girmi wannan zato. Daga Faransanci ta fito, su kuma Faransawa sun aro ta daga Italiya, inda ma'anarta ita ce ɗanyen abu wanda ba a gyara ba, musamman ɗanyen siliki da ba a wanke ba, ba a rina ba. Har yanzu a masaƙu da wannan kalma ake kiran yadin da ya fito daga inji kafin a sa masa bilic ko a buga masa zane.

A nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu, domin mu ma muna da ɗanyen siliki, kuma launinsa ke nan. Akwai wata tsutsa da ke cin ganyen tsamiya da na doka. Idan lokacinta ya yi, sai su taru da yawa su saƙa wa kansu gida guda babba. Mutane su ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka don danƙon ya saki, a shanya, mata su kaɗa shi kamar auduga. Zaren da aka samu shi ake kira tsamiya. Ba ya ƙyalli kamar alharini, ba ya kuma karɓar rini da sauƙi, saboda haka galibi akan bar shi da launinsa na halitta. Da shi ake yi wa manyan riguna aiki, irin su aska takwas, da shi kuma ake saƙa rigar tsamiya, wadda a zamanin da ba kowa ke iya mallakarta ba sai sarakuna da attajirai da manyan malamai. Yarabawa suna kiran irin wannan saƙa sanyan, suna kuma lissafa ta cikin manyan tufafinsu na biki. Ka ga ashe launin da yaro ya kira farin da ya yi dauɗa, shi ne kakanninmu suka ɗauka launin girma.

Ta ɗaya gefen kuma akwai akoko, yadin talaka. Auduga ce da aka saƙa aka bar ta yadda take. Masaƙar Kaduna da ta soma aiki a 1957, da akoko ta fara, ta kuma daɗe tana ciyar da dubban iyalai kafin a rufe ta a 2002. Launi ɗaya ne ya haɗa rigar sarki da taguwar lebura. Abin da ya raba su shi ne zare da aikin hannu, kuma za mu sake komawa kan wannan idan mun zo maganar ɗaki.

Sai kuma ɗan'uwansa na kusa, wanda kowa ya san sunansa, watau kaki. Kalmar ta Indiya ce, asalinta kuwa daga Farisanci, inda "khak" yake nufin ƙura ko turɓaya. A 1846 wani hafsan Ingila mai suna Hari Lamsdin ya kafa wata runduna a Feshawar, garin da yanzu yake cikin Fakistan. A lokacin sojan Ingila jar riga yake sawa, wadda ake hangowa tun daga nesa. Lamsdin ya ga a ƙasa mai duwatsu da ƙura wannan ganganci ne, sai aka rina wa mutanensa tufafi da launin ƙasar wurin. Dabarar ta bazu sannu a hankali. A yaƙin da aka yi a Indiya a 1857, sojoji sun riƙa tsoma fararen tufafinsu cikin shayi ko gahawa ko taɓo don su dushe. Bayan yaƙin da Ingilishi suka yi da Turawan Buwa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, sai kaki ya zama tufar fagen fama ta sojan Ingila baki ɗaya. Sojojin mulkin mallaka na Afirka ta Yamma su ma kaki suka sa, da jar dara a ka. Daga nan kalmar ta shige Hausa ta zauna daram, har ta manta asalinta. Shi ya sa za ka ji an ce ɗan sanda ya sa baƙin kaki, alhali in an bi ma'anar farko, kamar an ce baƙar farar riga ne.

Darasin da masu zane suka ɗauka daga soja shi ne, wannan launi ba ya kiran ido. Abin da soja ya nema don ya ɓuya, shi mai tsara ɗaki yake nema don wani abu dabam ya fito. Wani tela na birnin Milan a Italiya, Jojiyo Armani, wanda ya buɗe kamfaninsa a 1975 ya kuma rasu a 2025, ya yi suna a duniya da kwat masu taushi na wannan launi, har aka riƙa yi masa laƙabi da sarkin girej. A irin wannan tufa ido ba ya tsayawa a kan launi, sai ya wuce ga yanka da ɗinki da fuskar mai ita. Haka nan kwamfutocin farko na gida da ofis, irin su Apple II ta 1977 da ta IBM ta 1981, duk da irin wannan launi aka yi akwatinsu, don su saje da tebur da kabad, kada kuma dauɗar hannu ta nuna. An yi shekara wajen ashirin a haka, sai a 1998 kamfanin Apple ya fito da iMac mai launin shuɗi, mutane suka ga ashe ba dole ba ne kwamfuta ta yi kama da buhu.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi wuya, wanda kuma ya fi jawo asarar kuɗi. Toka-ƙasa launi ne maras tsayawa wuri ɗaya. Wanda ka gani a kanti, ba lalle ne shi za ka gani a bangonka ba, ko da daga gwangwani ɗaya suka fito. Dalilai biyu ne suke kawo haka.

Na farko maƙwabtaka. A 1824 aka naɗa wani masanin kimiyya Bafaranshe, Shebrul, shugaban sashen rini a wata shahararriyar masaƙar gwamnati a Faris. Aka kawo masa kuka cewa baƙin zaren da sashensa ke rinawa ba shi da ƙarfi, yana kodewa. Ya auna zaren ya tarar ba abin da ya same shi. Da ya bincika sai ya gane inda ake kukan duk wuraren da aka saƙa baƙin ne kusa da shuɗi ko shunayya. Watau laifin ba na marina ba ne, na ido ne. Ido idan ya kalli launi mai ƙarfi, sai ya shafa wa abin da ke kusa da shi kishiyar wannan launin. Ya buga littafi a kan wannan a 1839, masu zane kuwa har yanzu da shi suke aiki. (Mutumin ya yi tsawon rai, ya shekara 102 a duniya.) Abin da ya sami baƙin zaren nan ya fi samun toka-ƙasa, domin shi ba shi da ƙarfin kansa da zai kare kansa. In ka ajiye shi kusa da ja, sai ya karkata wajen kore. Kusa da kore, sai ya yi kamar an sa masa hoda. Kusa da shuɗi, sai ya koma rawaya-rawaya. Mai karatu na iya gwadawa a aji. A yanki ƙananan takardu biyu daga kwali ɗaya mai wannan launi, a ɗora ɗaya kan jan littafi, ɗaya kan shuɗi, a ja da baya taku uku a duba. Da wuya ka sami wanda zai yarda daga kwali ɗaya aka yanko su.

Na biyu haske. Launi ba a jikin bango kaɗai yake ba, rabinsa daga hasken da ya faɗa kan bangon ne. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya suna da ja-ja, na tsakar rana fari ne fat. Haka ƙwan lantarki. In ka duba jikin kwalinsa za ka ga wata lamba da harafin K a gabanta. Mai 2,700 haskensa rawaya ne, kamar na tsohon ƙwai mai zare a ciki. Mai 6,500 kuwa fari ne mai ɗan shuɗi, irin wanda ya fi yawa a kasuwanninmu. A ƙarƙashin na farkon toka-ƙasa yakan koma kusan ruwan madara, a ƙarƙashin na biyun kuwa ɗuminsa ya gudu, ya zama toka zalla. Mutum ya zaɓi fenti da rana tsaka a bakin titi, dare ya yi ya kunna wuta, ya ga ɗakinsa ya zama wani abu dabam, sai ya ce mai kanti ya cuce shi.

To, in haka yake da wuyar sha'ani, me ya sa mutane suke rububinsa? A ƙasarmu amsar farko ita ce ƙura. Farin bango yana da kyau ranar da aka gama shi, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta bar masa mutunci, ga hannun yara, ga bayan kujera. Bango mai duhu kuma farar ƙura ta fi fitowa a kansa, ga shi yana cinye hasken ɗaki. Toka-ƙasa kuwa launin ƙurar ne da kanta, saboda haka sai ta yi yawa ainun kafin a lura. Amsa ta biyu haske ne. Kamfanonin fenti suna auna yawan hasken da kowane launi ke mayarwa, daga 0 zuwa 100. Farin fenti yakan kai 80 ko fiye, baƙi bai fi 5 ba, nau'o'in toka-ƙasa da aka fi saye kuwa suna tsakanin 55 da 60. Wannan ya isa ya haskaka ɗaki ba tare da ya kashe ido ba. Amma a waje, musamman a rufi da bangon da ke fuskantar yamma, mai neman sanyi gara ya matsa kusa da fari, domin duk hasken da bango bai mayar ba, zafi yake zama.

Amsa ta uku ita ce wadda na fi yarda da ita. Mu mutane ne masu son launi a kaya. Dubi ɗakin amarya, ko mai jeren kwanoni da tangaran irin na da, ko mai kujeru da labule irin na zamani, ga darduma, ga zanen gado, ga atamfofin masu shigowa ganin ɗaki. Idan bango ma ya zama kore shar ko ruwan hoda mai ƙarfi, sai kowa ya riƙa ihu ba mai saurare. Bango mai toka-ƙasa kuwa kamar tuwo yake, kowace miya aka kawo ya karɓa. Masu tsara ɗaki suna da wani ƙiyasi da suke koya wa almajiransu: kashi 60 cikin 100 na abin da ido ke gani ya zama launi mai laushi irin wannan, kashi 30 wani launi na biyu a labule da kujeru, kashi 10 kuma launi mai ƙarfi a ƙananan abubuwa kamar matasai. Ba doka ba ce, amma tana hana ɓarna. Wani abin lura kuma shi ne wanda muka gani tsakanin tsamiya da akoko. Inda launi ya yi shiru, jikin abu ne ke magana. Saboda haka ɗaki mai wannan launi yana son tabarmar kaba, da katako, da fatar tintim, da saƙi, abubuwan da hannu ke jin bambancinsu. In komai sumul ne kamar roba, ɗakin sai ya mutu.

Kada kuwa a ɗauka ba shi da aibu. A 2020 wata mai bincike ta yi nazarin hotunan kayayyaki fiye da 7,000 da ke gidajen adana kayan kimiyya na Ingila, daga na shekarar 1800 zuwa na zamaninmu, ta tarar launin katako da rawaya suna ta raguwa, toka tana ta ƙaruwa. Mu ma muna ganin haka a sababbin unguwanni, gida ashirin a jere duk launi ɗaya, baƙo ya rasa ƙofar da zai buga. Wanda ya taɓa ratsa tsohon birnin Zariya ko na Kano ya ga fuskar gidajen da magina suka yi wa dagi da sauran zane, wasu har da keke ko jirgin sama, aka bi su da launi mai haske, ya san abin da ake asara. Su magina na da ai sun san launin ƙasa fiye da kowa, da shi suke gini, da makuba da laso suke shafe, amma sun san inda za su tsaya su bar wa ido abin kallo, watau bakin zaure.

Akwai ma inda yawan amfani da shi yake da hatsari. Tsoho mai raunin gani, ko maras lafiya a asibiti, da bambancin launi yake gane inda bango ya ƙare ƙofa ta fara, ko inda matakala ta sauka. In daɓe da bango da ƙofa duk toka-ƙasa ne, an haƙa masa rami. A Ingila ƙa'idar ginin wuraren jama'a ta ba da shawarar a sami tazarar maki 30, a ma'aunin hasken nan da na ambata, tsakanin irin waɗannan wurare. Watau in bango yana 58, ƙofa ko madogararta ta zama 28 ko ƙasa da haka. Masu kula da ginin makarantu da ɗakunan shan magani ya kamata su riƙe wannan lissafi.

Ga wanda a gidansu ake shirin shafe, ga ɗan lissafi da zai taimaka. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, tsayi ƙafa 10, faɗin bangonsa huɗu ya kama murabba'in ƙafa 480, watau wajen murabba'in mita 45. A cire ƙofa da tagogi, saura kamar 40. Lita guda ta fentin ruwa mai kyau takan shafe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, kuma sau biyu ake shafawa, saboda haka ana bukatar lita 8, galan biyu ke nan masu lita hurhuɗu. Sabon filasta ya fi haka sha. Kafin a sayi galan biyun, a sami kaɗan a shafa faɗin faifai biyu a bangon da ke kallon taga da wanda ke cikin inuwa, a jira ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti da busasshe ba ɗaya ba ne. A kawo labulen da dardumar kusa da shi. A duba da safe, a duba da azahar, a kuma duba da dare an kunna ƙwan da za a zauna da shi.

In mai fenti ne zai haɗa da hannunsa, a sa shi ya haɗa duka lokaci guda a babban bokiti, har ya ɗan yi saura a rufe a ajiye don gyara. Ja ko shuɗi in an ɗan saɓa awo ba kowa zai gane ba, amma toka-ƙasa ɗigo biyu na baƙi sun isa su sake shi, kuma duk ƙwarewar mai haɗi da wuya ya sake dacewa da na jiya. In kuwa na kamfani ne, a rubuta suna da lambar da ke jikin gwangwanin a bayan ƙofa, don ranar da za a nemi ƙari.